Yadda Za Ki Hana Likita Leƙa Bakin Ɗanki, Bisa Tsarin Yayata

Ke uwar yara, in kin gaji da masu cewa ki riƙa kai yaro duban haƙori duk bayan wata shida alhali babu inda ke yi masa ciwo, gyara zama. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan ba ki tsallake ko ɗaya ba, ɗanki zai yi famfara, ya yi wayo, har ya fara gemu, babu wani mai farar riga da ya taɓa sanin launin dasashinsa.

Tsarin ba nawa ba ne. Na Yaya ne, wadda nake bi, Allah ya jiƙanta. Tela ce, ta tsufa a kan keke, bana ta rasu. Abin da ya faru a shagonta nake faɗa miki daga ka, don karatuna bai kai na bincike ba. A kan autarta ta fi gwada tsarin, yarinya 'yar shekara bakwai da ke da wani ɗan baƙin ɗigo a haƙorin can ƙurya, na ƙasa, ɓangaren dama. Ki riƙe wannan haƙorin a ranki. A kansa aka yi duk yaƙin.

Mataki na ɗaya: Ki samu abin da za ki riƙe a zuci

Lalaci kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Malalaciya ana iya lallashinta. Wadda aka ɓata wa rai ita ce ba ta lallasuwa.

Yaya ba ta san almakashi a yankan zare ba, da haƙori take tsinkewa, har zaren ya yi wa haƙoranta na gaba 'yar hanya. Na ƙurya kuwa rabi sun tafi tun tana haihuwa. Da ta haifi ɗanta na fari, ya tasa, sai ta ɗauke shi cikin marmari ta kai shi dubawa, ta ci ado kamar mai zuwa ɗaukar hoto. Likitan wancan lokacin, wani dogo mai tabarau, ya gama da yaro, sai ya ce ita ma ta buɗe ya gani. Ta buɗe. Ya duba, sannan ya leƙa waje ya kira ɗalibansa su zo su kalla. Suka zagaye ta, kowa da abin rubutu. Ya riƙa nuna musu da tsinken ƙarfe yana bayani, ya ƙare da cewa irin wannan bakin uwar, me ake jira daga na ɗa.

Yaya da ake jin dariyarta daga bakin titi, tun daga ranar sai da hannu a baki take yi. Ta rantse babu ɗanta da zai ƙara hawa kujerar nan.

In ke ba a taɓa yi miki haka ba, ki ari na Yaya. Mata da yawa sun ara, ya yi musu aiki.

Mataki na biyu: Ki haddace jimla ɗaya

Ga ta: "Na nono ne, zai fita da kansa."

Ki maimaita ta har ki iya faɗa kina atishawa. Malamin makaranta ya yi magana, ki ba shi ita. Mijinki ya yi magana, ki ba shi ita, ki miƙa masa abinci. In aka matsa, ki ƙara da hujjar Yaya: wace mai hankali ce za ta zauna yi wa riga maho alhali yaro ya kusa fin ƙarfinta?

Shagon Yaya ɗaki ɗaya ne, keke a bakin taga, benci a jikin bango, labule a ƙurya inda ake gwada kaya. A kan bencin nan ta yaye ɗalibai fiye da makarantar unguwarmu. Mace za ta zo karɓar ɗinki, ta ce gobe za ta kai yaro dubawa, Yaya ta ɗago da zare a baki ta tambaye ta me ya same shi. Ta ce babu komai. Yaya ta ce to asibiti gidan biki ne da ake zuwa babu komai?

Da can in ka wuce ɗakin haƙori ranar hutu, yara ne reras a baranda suna karkaɗa ƙafa, babu mai kuka. Shekarar da annobar nan ta sa aka rufe ko'ina, kowa ya zauna a gida. Da aka buɗe, mutane suka koma kasuwa, suka koma makaranta, suka koma gulma, amma barandar nan ba a koma mata ba. Sai mai kumburarren kunci. Masu ilimi suna ta neman dalili. Ba su tambayi Yaya ba, da ta ce aikinta ne.

Mataki na uku: Ki san abokiyar gabarki

Dogon mai tabarau ya daɗe da barin aiki. Wadda ta gaje shi wata gajeruwar mata ce mai faɗin ƙugu, ba ta fushi, ba ta gajiya. Yaya ta sa mata Mai Madubi, saboda ɗan madubin nan mai kamar cokalin shayi da take yawo da shi a aljihu. Da ta ga yara sun daina zuwa, sai ita ta fara bin su makaranta aji-aji.

Maganin wannan sauƙi gare shi. Ki samu wata cikin masu share makaranta ta riƙa tsegunta miki ranar zuwa. Ranar sai yaro ya tashi da ciwon ciki. Yaya ta yi shekara biyu tana haka, Auta har ta iya riƙe cikin ba sai an tuna mata ba.

Amma ki kula, kada ki ɓata wa mai tsegumin ɗinki. Yaya ta taɓa yi wa matar hannun riga ɗaya ya fi ɗaya, ta kuma ƙi yarda, ta ce kafaɗar matar ce a karkace. Zuwan Mai Madubi na gaba babu wanda ya ce uffan. Auta ta dawo gida da sabon burushi a hannu, da labarin wata anti mai kirki da ta daɗe tana kallon bakinta, ta kuma karɓi lambar wayar Umma a wurin malami.

Mataki na huɗu: Waya

Za su kira. Kada ki ƙi ɗauka, ƙin ɗauka na 'yan koyo ne. Ki ɗauka, ki taka keke da ƙarfi, ki yi ta cewa ba kya ji. In ba ki da keke, ki kunna famfo.

Kira na biyu ki canja murya, ki ce mai wayar ta yi tafiya. Na uku ki ce ba ta dawo ba. Yaya takan toshe hanci da yatsu biyu ta zama wata tsohuwa, matan benci suna birgima da dariya babu sauti.

Wata rana ɗinki ya yi mata yawa, allura ta karye, waya ta yi ƙara. Ta ɗauka da muryar tsohuwar ta ce ai mai wayar ta rasu.

Wannan kada ki yi shi. Mun yi dariya ranar har da riƙe ciki. Kada dai ki yi shi.

Mataki na biyar: In ta biyo ki har shago

Washegari sai ga Mai Madubi a ƙofar shago, fuska a jiƙe, ta zo ta'aziyya. Ta tarar da mamaciya a kan keke tana cin gyaɗa.

Da wata ce, da ta juya. Ita kuwa ta tsaya ta kalli Yaya sama da ƙasa, ta ce alhamdu lillahi, jiki ya yi sauƙi ke nan. Yaya ta ce da sauƙi. Sai matar ta zauna a benci ta ce dama tana neman tela. Kashegari ta kawo yadi.

Ga abin da za ki yi. Da kin hango ta, yaro ya shige bayan labule. In ta riga ta gan shi, ya gaishe ta baki a rufe, da ka. Auta ta ƙware, har "lafiya lau" take cewa ta hanci. Ke kuma ki rama ta wurin awo. Yaya takan zagaya ƙugun Mai Madubi da tef, ta ja numfashi, ta faɗi lambar da ƙarfi yadda har mai wucewa zai ji, sannan ta tambayi matan benci ko akwai mai tef na biyu a haɗa. Mai Madubi ta ce a ƙara faɗa, na bayan layi ba su ji ba.

Riga ɗaya, sai da ta zo gwaji ya fi a ƙirga. Yau wuya ya matse, gobe tsawo bai yi ba. Duk zuwa tana 'yan wasanni da fuska ko Auta za ta yi dariya ta buɗe baki. A zuwa na ƙarshe ta daina wasa.

"Maman Auta, haƙorin nan ba na nono ba ne. Wannan ba ya jiran wani ya faɗi, bayan na nonon yake tsirowa a ƙurya, ba a ma lura. Shi ke nan nata har tsufa."

Yaya ta cire zare daga baki. "Likita, ni na haifi yarinyar nan. Duk haƙorin da ya faɗi a bakinta a tafin hannuna ya faɗi. Na wurin nan bai taɓa faɗuwa ba. Wanda bai faɗi ba ai shi ne na farko, na farko kuma shi ne na nono. Ko a makarantarku daga na biyu ake farawa?"

Matan benci suka ce wallahi haka ne. Mai Madubi ta buɗe baki za ta ƙara, Yaya ta taka keke.

Ki lura da darasin. Hujja ba sai ta zama gaskiya ba, ta dai samu benci mai goyon baya.

Mataki na shida: In ciwo ya fara

Zai fara. Kada ki tsorata, alama ce tsarin yana tafiya daidai.

Da farko yaro zai sha ruwan sanyi ya runtse ido ɗaya. Ki ce ruwan ne ya cika sanyi. Sannan zai koma tauna da ɓangare guda. Ki yaba masa, ki ce yanga ce irin ta 'ya'yan manya. Ki tanadi ruwan ɗumi da gishiri, da kanumfari, da tsawa.

Yaya ta yi duk wannan. Amma ta ƙara wani abu da bai kamata ba, kuma nan tsarin ya fara tsagewa. Kowace safiya kafin Auta ta tafi makaranta, sai ta ja ta bakin taga inda haske yake, ta wanke hannu, ta sa yatsa ta girgiza haƙorin ko ya fara motsi. Tana jira ya yi lilo kamar sauran, ta ɗaura masa zare ta fizge, ta kai wa Mai Madubi a ƙyalle. Haƙori kuwa kamar an kafa ƙusa. Na gaba suka faɗi, sababbi suka fito manya-manya, na gefe suka fara rawa. Shi yana nan, ɗigon ya zama rami, ramin yana cin abinci tare da yarinya.

Sai Yaya ta koma kan keke, ta ɗinka hannu a inda wuya yake, ta farke.

Akwai ranar da ta rufe shago da hantsi, ta kama hannun Auta, ba ta faɗa wa kowa ba. Sun kai har ƙofar asibiti. Ta shaƙi warin maganin nan, ta hango ɗalibai uku cikin fararen riguna suna tafe da abin rubutu, sai harshenta ya kai kan guraben haƙoranta da kansa. Ta ce wa Auta ta bar dutsen guga a kunne. Suka juya. Dutsen guga kuwa tun makon jiya ya lalace.

In ƙafarki ta taɓa yaudararki haka, ki tuna kowace mace tana da abin da ta bari a kunne.

Mataki na bakwai: Kada ki kwanta rashin lafiya

Wannan shi ne mafi wuya, kuma a nan Yaya ta faɗi.

Ashe ba bakin Auta kaɗai take ɓoye wa likitoci ba. Akwai wani ciwo a cikinta da ta daɗe tana ɗaure wa da zani tana cewa zaman keke ne. Ranar da ta kasa taka keken, muka ɗauke ta. Suka ba ta gado a ɗakin mata, na kusa da ƙofa, suka rataya mata ledar ƙarin ruwa a ƙarfe mai taya. Likitocin suka yi ta magana ƙasa-ƙasa. Yaya ba yarinya ba ce, ta gane.

Ɗakin haƙori kuma a ƙarshen barandar yake. Daga gadonta tana iya hango ƙofarsa.

Auta takan zo bayan makaranta ta zauna a gefen gado, kunci a tafin hannu, tana cewa ba ya ciwo tun ba a tambaye ta ba. Ana haka wata la'asar sai ga Mai Madubi, sanye da rigar nan da Yaya ta ɗinka, ta matse ta a hammata har ba ta iya sauke hannu sosai. Ta gaishe da Yaya, ta tambayi jiki, ta shafa kan Auta, ta zauna suka yi hirar tsadar zare. Ba ta kalli bakin kowa ba. Ta miƙe za ta tafi.

Yaya ta ce, "Ina madubin?"

"Na baro shi a ɗaki. Gaisuwa na zo, Maman Auta. Ba na kama mutum a kwance."

Yaya ta daɗe tana kallon Auta, da hannun nan da ya saba zama a kunci. Sannan ta kafa sharuɗɗa. Ba za a ce ita ta buɗe baki ba. Ba za a kira kowa ya kalla ba, ko mai shara. Kuma da ƙafarta za ta je. Nas ta ce ba zai yiwu ba, Yaya ta ce to ta zo ta riƙe ta.

Haka suka bi barandar. Mai Madubi a gaba, Auta a tsakiya, Yaya a baya tana tura ƙarfen ƙarin ruwa, taya ɗaya tana ƙugi, tana tsayawa a kowane ginshiƙi kamar mai duba fenti. Ni ina gefe da kujera ko za ta zauna. Ba ta zauna ba.

Aka kwantar da Auta a kujerar, aka kunna fitila. Yaya ta matso ta ce a nuna mata. Mai Madubi ta karkata ɗan madubin, Yaya ta sunkuya, ta ga ramin da kyau, ta ga faɗin haƙorin da tudunsa, bai yi kama da 'yan ƙananan da suka faɗo a tafin hannunta ba ko kaɗan.

Ta tambaya, in aka cire, wani zai fito? Aka ce mata a'a. Ta tambaya, to cirewa za a yi? Mai Madubi ta ɗan ƙwanƙwasa, ta ɗan hura iska, Auta ta zabura. Ta ce saura ƙiris ya kai ga jijiya, amma bai kai ba. Yau ciko za a yi. Da an ƙara jinkiri, da sai cirewa.

Yaya ta riƙe ƙarfen da hannu ɗaya, ɗayan ta kama ƙafar Auta. Injin nan mai kukan sauro ya fara. Auta ta yi hawaye, ba ta yi ihu ba. Yaya kuwa ta kafa wa aikin ido kamar an ba ɗan koyo yadinta mai tsada. Ta ce a share gefen nan da kyau. Ta ce a danna ya shiga lungu. Da aka zo shafewa ta ce bakin bai kwanta ba, a sake bi.

Mai Madubi ta ce ta cikin takunkumi, "Wadda ta yi mini wannan hammatar ce ke koya mini aiki?"

"Hammata kya dawo a buɗe miki. Wannan mahon ki yi shi na gaske, Likita. Ba zan zo in duba ba."

Mai Madubi ta sunkuya. Ta sake bi, a hankali, har sau biyu.

A hanyar komawa Yaya ta yarda ta zauna a kujerar da nake ɗauke da ita. Ta huta, ta kalle ni, ta ce bayan wata shida ni zan kawo yarinyar, ko da ciwo ko babu, kuma in ci gaba har ta yi hankali. Na ce to. Ta ce kuma in na kuskura na faɗa wa matan shago, ba ta yafe ba.

Ba ta ƙara fita barandar ba.

Sanarwa ta ƙarshe

Ni ban faɗa wa matan shago komai ba. Auta ce, ranar da suka cika gida suna yi mana gaisuwa, ta riƙa bin su ɗaya-ɗaya tana wangale baki tana nuna musu cikon da aka yi a gaban Umma. Wasu suka yi kuka, wasu suka leƙa da kyau, wata ta tambaya ko da zafi. Yanzu ɓangare biyu take tauna, har ƙanƙara take fasawa in ban gani ba.

Saboda haka duk wadda ta bi matakan nan, kuncin ɗanta ya kumbura, ko aka zare masa haƙorin da ba ya dawowa, ko likita ya hau ta da faɗa a gaban jama'a, babu ruwana, babu ruwan Auta, babu ruwan keken da ke rufe a shago. Ban sa ki ba, ban aike ki ba, ban ma san ki ba. Kukanki ki kai wa mai tsarin. In kuma kin samu hanyar da zai isa gare ta, don Allah ki biyo ta wurina tukuna, ni ma ina da saƙo.